Birkin Hilux ɗina sai na taka sau biyu yake kamawa, an ce busta ce: in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai shan gas, ina ɗaukar kayan gwari da ita daga Mile 12 zuwa Oyingbo, wani lokaci har Ajah. Birkinta ya yi laushi. Takun farko fedar kan tafi kusan ƙasa, sai na saki na sake takawa sannan ta taso ta kama. An yi bilidin (cire iska daga layin birki) sau biyu, an sa sabon fad a gaba, an canza masta da ta tokumbo, amma jiya i yau. Man birkin bai cika raguwa ba. Yanzu bakaniken ya ce busta ce ta mutu. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, riƙe kuɗinka, kada ka sayi bustar nan tukuna. Ita kuma motar a daina yi mata lodi har sai an gano inda ciwon yake. Tsakanin Ketu da Ojota danfo kan tsaya a gabanka ba sigina ba komai, babu mai ba ka lokacin taku na biyu, balle kana ɗauke da kwandunan tumatir har sun haura rufi.

Busta aikinta guda ne, ta ƙara wa ƙafarka ƙarfi. Da zuƙar iska take aiki, a motar fetur daga inji, a irin taka mai gas kuma daga wani ɗan famfo da galibi ke manne a bayan altaneta. In ta lalace, feda tauri take yi, ka taka da iya ƙarfinka motar tana ci gaba da gangarawa. Kai kuwa laushi kake kuka da shi. Gwada ta ma ba ya cin ko sisi. Kashe inji, taka birki sau biyar ko shida har fedar ta yi tauri, ka bar ƙafarka a kai, sannan ka tayar da motar. In ka ji fedar ta ɗan sauka daidai lokacin da injin ya kama, bustarka lafiyarta ƙalau, wanda ya ce a canza ta ya bar jaki yana dukan taiki.

Man birki ba ya matsuwa. In masta, wato famfon da feda ke dannawa, ta tura shi ta nan, dole ya tura wani abu ta can. Saboda haka duk tafiyar da feda ta yi motar ba ta kama ba, wani wuri ne ya cinye ta. Ko dai man yana zurarewa, ko akwai abin da ke matsuwa a hanya, wato iska ko tsohon tiyo mai kumbura, ko kuma akwai rata a birkin baya tsakanin lainin (takalmin birki) da duram (kwanon ƙarfen da lainin ke kamawa daga ciki) wadda sai an cike ta kafin birki ya fara aiki. Ƙafarka za ta iya gaya maka wanne ne tun ba a ɗauko sifana ba.

Zauna a motar da safe kafin ta yi zafi, inji a kashe. Taka har iskar busta ta ƙare, sannan ka ɗora ƙafa da matsakaicin ƙarfi, irin na tsayuwa a danja, ka riƙe kamar rabin minti. In fedar tana sulalewa ƙasa a hankali, mai yana gudu. Ka leƙa kofin man: in ya ragu, waje yake fita, in yana nan yadda yake, a cikin masta yake zagayawa, robar fistin ta saki, man yana bi ta gefenta yana komawa baya. Akwai alamar da ba ta cika yin ƙarya ba a nan. Ka buga fedar da ƙarfi lokaci guda ta tsaya cak, amma ka ɗora ƙafa a hankali ta nutse. Ƙarfin bugun ne ke buɗe leɓen robar ya manne da bango, taku mai sauƙi kuwa ba ya isa ya buɗe shi.

In ba ta sulale ba, saki, ka jira kamar minti ɗaya, sannan ka taka sau uku a jere da sauri. Ka lura da yadda ƙarshen takun yake. Fedar da ta taso sama ta ƙare da tauri, ko ka ƙara ƙarfi ba ta motsi, matsalarta rata ce. Takun farko ya ƙare ne wajen tura lainin ya isa duram, na biyu ya same shi bai gama komawa ba, sai ya kama da wuri. Wadda ta taso amma ƙarshenta yana lotsawa, ka ƙara ƙarfi ta ƙara tafiya, wannan iska ce ko tiyo. Rashin bambance waɗannan biyun ne ke sa a yi ta bilidin ɗin motar da babu ko ɗigon iska a cikinta.

Daga bayaninka, zatona ya fi ƙarfi a kan birkin baya. An taɓa gaba, an taɓa masta, ban ji ka ce an buɗe duram ba. Ga gwajin da zai gaskata ni ko ya ƙaryata ni nan take: ja hambirki har ka ji ya fara kamawa, ka bar shi a haka, sannan ka taka feda sau ɗaya tak. In takun farko ya tsaya a sama, magana ta ƙare, baya ne. Hambirkin ya riga ya matsa lainin kusa da duram, ya cike ratar da ƙafarka ke wahalar cikewa kullum.

Abin da ya sa na fi zargin nan shi ne, a yawancin tsofaffin Hilux ajastar da ke matso da lainin yayin da yake cinyewa da jan hambirki take aiki. Duk sa'ad da aka ja, in rata ta yi yawa, wani ɗan harshen ƙarfe yana tura haƙorin ajastar gaba. To direbobinmu nawa ne ke jan hambirki? Legas gari ne shimfiɗaɗɗe, a bar mota a giya, in an ga ɗan gangare yaron mota ya jefa weji. A motoci da yawa ma wayar hambirkin ta tsinke tun tuni, an naɗe ta a jikin shasi an manta. Ga kuma damina. A Yuni da Yuli motarka tana ratsa ruwan bakin kasuwa har ya rufe rabin taya, ruwa da laka su shiga duram su bushe a kan zaren ajasta. In aka buɗe za ka gan ta da idonka, ɗan sandan ƙarfe ne mai tayar haƙora, ta yi ja wur da tsatsa, ko da filaya ba ta juyawa. A ciro ta, a kwance, a goge zaren da burushin waya, a shafa mata giris kaɗan. Kaɗan fa, kada ya kai ga lainin. Kuma a gama ƙafa ɗaya kafin a kwance ɗayar, domin ajastar hagu da ta dama zarensu ya saba. In aka musanya su, maimakon su matso da lainin sai su riƙa janye shi.

Tunda an buɗe, a dubi duram ɗin kansa. A jikinsa an zuba lambar iyakar faɗinsa da milimita. In ka sa yatsa ka ji tudu mai kauri a bakinsa, ko an taɓa kai shi wajen masu injin sassaƙa, a auna shi. Wanda ya wuce lambar nan, ko an sa masa sabon lainin tsakiyar lainin ɗin kawai zai taɓa, sauran yana lanƙwasa duk taku, fedar ba za ta taɓa yin tauri yadda kake so ba. Ƙurar da ke ciki kada a hure ta da baki ko da iskar famfo, wasu lainin na ƙunshe da asbestos mai lalata huhu, a wanke ta ne. Saiti kuma ta ramin da ke bayan farantin ake yi, duram a mayar: a riƙa juya haƙoran da sukudireba har ƙafar ta fara ja in an juya ta da hannu, a taka birki sau biyu domin lainin ya zauna tsakiya, sannan a sassauta har ta juya da ɗan shafa kawai. Motar ta kasance a kan ƙafar ƙarfe, kada wani ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.

A gaba ma ana samun rata, sai dai daga boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa, take zuwa. In boris ya saki, faifan birki yana rangaji yana korar fad baya, sai takun farko ya tafi wajen dawo da shi. Alamarsa: a tsaye fedar tana sama lafiya, amma da ka ɗan yi tafiya ka sha kwana ko ka faɗa rami sai ta faɗi. Ɗaga ƙafar, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, a ɗaure boris ko a canza.

To, a ce hambirki bai canza komai ba, boris kuma a ɗaure yake. Nan ne za a yi gwajin da ya kamata a ce an yi shi tun kafin a sayi masta. A irin motarka tiyon roba uku ne galibi, ɗaya a kowace ƙafar gaba, ɗaya a baya yana saukowa daga shasi zuwa aksil. A matse su duka ukun da maƙalar tiyo, ana samunta wajen masu kayan aiki a Ladipo. In babu, filaya mai kulli ma ta yi, amma a sa wa haƙoranta guntun roba, kuma a matse daidai yadda mai ba zai wuce ba, ba a murƙushe tiyon ba. Tiyon da ya riga ya tsattsage ba a matse shi, canza shi ake yi. Yanzu taka. In fedar ta tsaya a sama da tauri, mastarka ta wanku daga zargi, ciwon yana wajen ƙafafu. Sai a riƙa sakin maƙalar ɗaya bayan ɗaya, a fara da ta baya, kana takawa bayan kowace. Duk wadda aka saki fedar za ta ɗan sauka, wannan daidai ne. Wadda aka saki fedar ta zube, ita ce ƙafar da ake nema. In kuwa duka ukun a matse amma laushin yana nan, to abin yana sama: masta, ko iskar da ta maƙale a fayif kafin maƙalar. Kafin a tashi daga nan, wani ya taka da ƙarfi kai kuma ka kama kowane tiyo a tafin hannunka. Lafiyayye za ka ji ya ɗan yi tauri ne kawai, wanda ya gaji za ka ji yana kumbura a hannunka.

Za ka ce ai an yi bilidin har sau biyu. Tambayi bakaniken nifil nawa ya buɗe, wato ɗan kusun da ake sassautawa iska ta fita. In ya ce huɗu, akwai yiwuwar ya bar na biyar. Kwanta a bayan motar ka dubi shasi daidai saman aksil, za ka ga wani bawul da fayif ke shiga, da dogon sanda siriri da ya tashi daga jikinsa ya je ya kama aksil. Bawul ɗin lodi ke nan, a littafin Toyota LSPV ake ce masa. In motar ba kaya yana rage matsin da ke zuwa baya don kada ƙafafun baya su kulle motar ta juya, in an yi lodi bodi ya sauka sai ya ƙara. Yana da nifil nasa, kuma ya fi fot ɗin ƙafafu (silindar da ke tura lainin) tudu, iska kuwa sama take nema. Ana iya zubar da man birki gora biyu ta ƙafafu iskar tana zaune a cikinsa. Bayan an gama ƙafafu huɗu, shi ake yi wa na ƙarshe.

Tunda maganarsa ta zo: masu ɗaukar kayan gwari da yawa sun ƙara ganyen sifirin a baya don motar ta iya ɗaukar nauyi. In an ƙara, bodi ba ya sauka kamar da, bawul ɗin sai ya ɗauka motar fanko ce alhali tana ɗauke da buhunan albasa, ya riƙa tauye wa baya birki. Wannan ba ya sa laushi, amma yana barin gaba shi kaɗai da aikin tsayar da motar, fad ya riƙa ƙarewa da wuri. Duk wanda ya ƙara sifirin, a sake saita masa sandan nan.

Wani abin da ke hana iska fita, in an taɓa cire kalifa (abin da ke matse fad a kan faifan birki) lokacin sa fad ko an sa tokumbo, shi ne musanya ta hagu da ta dama. Suna shiga daidai, kusoshi su ɗauru, ba abin da ido zai gani. Ka durƙusa ka dubi nifil. Dole ya kasance a saman kalifar. In yana ƙasa, an juya su, kuma ko shekara za a yi ana bilidin iskar ba za ta fito ba.

Shi kansa bilidin ɗin, yadda ake yinsa a gareji da yawa shi ke mayar da iska. Ka san yadda abin yake: yaro a kan kujera, maigida a ƙarƙashin mota yana "buga, buga, riƙe!", ya buɗe nifil man ya fesa a ƙasa, yaron ya ji feda ta faɗi ya ɗaga ƙafa kafin a ce masa saki. Wannan ɗagawar ta zuƙo iska ta nifil ɗin da bai gama rufuwa ba. A sa siririn tiyo mai nuna ciki a kan nifil, ɗaya bakin a nutse cikin gora mai ɗan man birki, sai ka ga kumfar da idonka, ka kuma ga lokacin da ta ƙare. A taka a hankali, bugu da sauri yana farfasa iska ta zama ƙananan kumfa masu wuyar fita. Mutum na uku ya tsaya a kan kofin mai, domin in ya ƙafe sau ɗaya aiki ya koma farko. A sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. Dalili kuwa, a tsohuwar masta can ƙarshen ramin inda fistin bai saba zuwa ba tsatsa da datti sun taru, in aka tura robar ta bi ta kai sai ta yage. Sau da yawa mota kan shigo bilidin da lafiyayyar masta ta fita da matacciya.

Ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta, a ƙare da ta kusa. Nisan fayif ake nufi. A mota mai sitiyari a hagu galibi ƙafar baya ta dama ce, amma a wasu motocin fayif ɗin ta gefen dama yake gangarawa sannan ya tsallaka aksil, sai ta hagu ta zama mafi nisa. Ka bi shi da ido. In motar taka daga cikin waɗanda aka juya wa sitiyari ce, ka ƙara lura, don masu juyin kan bar fayif da lanƙwasa mai tudu a bayan inji inda iska ke samun wurin zama.

Sai mastar da aka sa maka. Kasancewarta tokumbo ba shaida ba ce cewa tana da lafiya, ta yi shekaru a wata motar, ta kuma zauna a bushe kafin ta iso hannunka. Kafin a ɗaura kowace masta, sabuwa ko tsohuwa, ana cire mata iska a kan benci: a cika kofin, a sa gajerun tiyo daga bakunanta su koma cikin kofin, a riƙa tura fistin a hankali har kumfa ta ƙare. In ba a yi haka ba, iskar da ke cikinta kan ƙi fita ta ƙafafu. Don a yanke hukunci a kanta, a kwance fayif ɗinta a toshe bakunan da kusoshi masu zare irin nasu. Feda ta tsaya a sama ba motsi, tana da kyau. Ta sulale, ta mutu. Ka kuma dubi gefenta, a mastocin Toyota ana zuba faɗin ramin a jiki, za ka ga 13/16 ko 7/8 ko 15/16 ko 1. In tsohuwar tana nan, gwada lambobin. Mai ƙaramin rami tana tura mai kaɗan a kowane taku, sai feda ta yi doguwar tafiya alhali komai lafiya. Tsohuwar mastar ma kada ka yar, mai yiwuwa ba ta da laifi tun farko.

Wuri ɗaya da busta ke shiga wannan magana shi ne ɗan sandan da ke fitowa daga cikinta yana tura fistin masta. In an canza masta ba a saita shi ba, ya gaza tsawo, farkon takun yana tafiya a banza. Danna fedar da yatsa, inji a kashe: wasan da za ta yi kafin ka ji ta taɓa wani abu milimita 3 zuwa 6 ne a irin waɗannan motoci. Kada kuma a zarce a tsawaita shi don feda ta taso, domin zai toshe ramin da mai ke komawa kofi, birki ya riƙa kamawa da kansa in mota ta yi zafi.

Ka ce man bai cika raguwa ba. Wannan "bai cika ba" ɗin bai kwanta mini ba. Man birki ba ya ƙonewa kamar na inji. Yana ɗan sauka a hankali yayin da fad ke cinyewa, amma in kana ƙarawa duk wata, yana fita ta wani wuri, kuma inda mai ya fita iska na iya shiga. A ɗaga robar da ke rufe bakin kowane fot a baya, ciki ya kamata ya kasance a bushe. A dubi ƙasan inda masta ta haɗu da busta, in fentin wurin ya kwaile, robar bayan masta tana zubar da mai cikin busta inda ba ka gani. A bi fayif ɗin ƙarfe tun daga gaba har baya, musamman inda maƙalai suka riƙe shi da saman tankin mai, don iskar teku da ruwan ambaliya suna cin ƙarfe a garin nan fiye da yadda muka saba gani a Kano ko Sakkwato. In an ga jiƙa a cikin duram, a bambance: man giya daga aksil yana da kauri da wari, ruwa ba ya wanke shi, man birki kuwa ruwa na tafiya da shi. Ko wanne ne, lainin da ya sha mai ya tashi daga aiki. Fayif ɗin da ya ruɓe kuma a canza shi da na birki na ainihi mai ninkakken baki. Tayar mota iska 35 ko 40 ake ba ta a geji, fayif ɗin birki a taku mai ƙarfi yana ɗaukar sama da 1,000 a wannan ma'aunin. Faci da guntun tiyo ko fayif ɗin firji ba zai riƙe wannan ba.

Akwai kuma abin da nake roƙonka ka bincika da kanka, tunda motar tsohuwa ce ta bi hannaye. Wasu in fot ya fara yoyo a hanya sai su toshe fayif ɗin ƙafar da ƙusa ko su daddale shi da guduma, feda ta yi tauri, a ci gaba da tafiya, a manta. Ɗaga bayan motar, wani ya taka birki, ka gwada juya kowace ƙafa da hannu. Wadda ta juya ba ta da birki. In an samu haka, a buɗe layin a sa sabon fot, kuma gara a canza na ƙafafun biyu tare.

Shi man kansa, in ya yi baƙi a zubar da shi gaba ɗaya. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi daga iska, Legas kuwa danshi ba ya yanke mata rani da damina. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Selshiyas, amma in ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin 100 ƙa'idarsa tana sauka zuwa 140. DOT 4 yana tashi daga 230 ya koma 155. In mai ya tafasa tururi yake zama, tururi kuma yana matsuwa kamar iska. Alamar wannan daban take da taka: da safe birki lafiya, bayan an daɗe a gosulo ko an gangaro gadar Otedola da kaya sai feda ta tafi ƙasa, in mota ta huce ta dawo. Da yake garin ba shi da tsaunuka, in haka ta faru na fi zargin kalifar da ta maƙale tana goga fad ba tsayawa. Bayan tafiya ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim, kada ka taɓa, wanda ya fi sauran zafi shi ne. Duk shekara biyu a canza man, daga gora mai hatimi, irin wanda aka rubuta a murfin kofin. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da waɗancan. Man sitiyari ko na inji in ya shiga kofin, ko kaɗan ne, yana kumbura duk robobin da ke layin, sai an canza su kaf. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in mai ya ƙare musu kuwa, a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsar da zai bari a masta da fot.

In an gama, kada ka yarda da gwajin cikin gareji kawai. Feda ta tsaya a wuri ɗaya a takun farko, na biyu kada ya fi shi tudu sosai, kuma ka riƙe ta inji na aiki ba ta sulale ba. Sannan ka sami layin da ba mutane ka gwada a hankali, fanko tukuna, ka ga ko tana ja gefe, daga baya ka gwada da rabin lodi. Sabon lainin yana ɗan zama bayan kwanaki, saboda haka a sake duba saitin baya a cikin makon, a kuma gyara wayar hambirki ka riƙa jan sa duk tsayuwa don ajastar ta yi aikinta.

In an bi duk wannan fedar tana nan yadda take, sake rubuto mini ka faɗi abin da ta yi da hambirki a ja, abin da ta yi da tiyo uku a matse, da lambar da ke jikin tsohuwar masta da ta yanzu. Allah ya tsare hanya.